Tambaya Ta Bakwai

"Ba zan sa hannu ba, Farfesa."

Farfesa Byeon bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da juya cokali a kofin shayinsa kamar ba da shi nake ba. Takardar tana gabana a kan tebur, biron ma shi da kansa ya ajiye mini a gefenta. Layi ɗaya ne ya tsaya mini a wuya: wai mun gwada tambayoyin a kan yara arba'in, kuma fiye da kashi casa'in cikin ɗari sun fahimce su. A ƙasa akwai gurbin suna biyu. Ham Gi-tae, wanda ya riga ni shiga sashenmu na jami'a da shekara biyu, shi ya sa nake ce masa sunbae, wato na gaba da ni, ya cike nasa tun da safe. Nawa ake jira.

"Me kika ce, Pyo Eun-sol?"

Duk ranar da ya haɗa sunana da na gidanmu, to ransa ya ɓaci.

"Na ce ba zan sa ba. Yaran ba su fahimta ba."

Gi-tae ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur, ya yi wata 'yar dariya. "Gajiya ce, Farfesa. Jiya ta dawo daga Andong, motar ma ta yi latti."

"Ban gaji ba, sunbae. Ɗauke ƙafarka."

Sai a lokacin Farfesa ya ajiye cokalin. "Ranar Juma'a ofishin ilimi ke jiran takardar nan. Makarantu sittin za a raba wa tambayoyin. Shekara uku nake kan wannan aiki. Ke yaushe kika zo?"

"Wata goma sha tara ke nan."

"Kuma har kin fi ni sanin abin da yaro ya fahimta."

"Na dai fi ka zama da su, Farfesa."

Abin da muke aunawa, a wurinmu ciwon fuskar aro ake ce masa. Mutum ya ci jarrabawa, a yabe shi, amma can cikin ransa yana jin ba ƙoƙarinsa ba ne, rufe idon mutane kawai ya yi, kuma wata rana asirinsa zai tonu. Da ma akwai tambayoyin da ake auna manya da su. Farfesa ya ɗauko su ya fassara, ya rage su zuwa sha biyu domin 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare. Yaro zai karanta jimla, ya zaɓi ɗaya cikin huɗu: ban taɓa ba, wani lokaci, sau da yawa, kullum. Wanda makinsa ya yi sama, malamar ba da shawara ta makarantarsu za ta kira shi su zauna. Wanda makinsa ya yi ƙasa an sallame shi, lafiyarsa lau.

Kafin a raba wa makarantu dole a gwada ko yara na gane abin da ake tambayarsu. Aka ba Gi-tae yara ashirin a nan Daegu, ni kuma ashirin a garinmu Andong, a makarantar da na yi, inda Malama Yeom da ta koyar da ni take riƙe da aji biyar har yanzu. Gi-tae ya gama nasa a wuni ɗaya. Zai miƙa wa yaro takarda, ya jira ya karanta, ya ce, "Ka gane?" Yaro ya ce, "E, Malam." Wane yaro ne a ƙasar nan zai dubi babban mutum sanye da kwat ya ce masa bai gane ba? Ni mako uku na yi. Kowane yaro sai ya karanta jimla da ƙarfi, ya maimaita mini ita da bakinsa kamar yana gaya wa ƙanensa, sannan ya faɗi dalilin amsar da ya zaɓa. Da izinin iyaye nake naɗar muryoyinsu.

Na fara da Do-gyeom, wani ɗan lukuti da kujera ba ta iya riƙe shi. Ya karanta tambaya ta huɗu yana bin ta da yatsa: "Ina jin kamar ina sanye da fuskar aro a gaban mutane." Nan take ya zaɓi "wani lokaci".

"Yaushe ke nan?" na tambaye shi.

"Sau biyu, Malama. Bara da bana."

"Me ya faru bara?"

"Bikin rawa mana! Bara ni ne mahauci. Bana suka ba ni ta tsohuwa, wai ƙuguna ya fi na kowa iya girgiza. Amma ta katakon nan zufa take sawa. Hancinka ya yi ta ƙaiƙayi, ba halin sosawa."

Yara sha huɗu cikin ashirin haka suka ɗauke ta. A garin da kowane aji ke koyon rawar fuskar katako, me muke so su ɗauka?

Wannan da sauƙi, kalma ce, ana iya canza ta. Ta bakwai ce ta fi: "Idan na yi nasara aka yabe ni, nakan ce sa'a ce kawai." Sha tara suka zaɓi "kullum", ba wanda ya tsaya tunani. Na tambayi Ha-rin, shugabar ajin, yarinya mai baki kamar reza.

"To me zan ce, Malama? In ce, 'E, ai na iya'? Kakana zai jefe ni da takalmi."

"A ranki fa, me kike cewa?"

"A raina?" Ta waiga ta tabbatar ƙofa a rufe take. "Sa'ar me? Kwana biyar na yi ina karatu. Do-gyeom ne mai sa'a, shi da ko littafin bai buɗe ba ya samu sittin."

Na yi dariya har na sunkuya, don ni ma haka aka rene ni. A Andong yaron da aka yaba ya ce "na gode" ya tsaya a nan, to iyayensa za a zaga. Sai ya kaɗa hannu, ya ce a'a, a'a, sa'a ce, ƙoƙarin malamai ne. Ni ce dai horon bai kama ni ba. Tun ina aji uku kakata ke cewa an manta ba a sa wa wuyana gaɓa ba, shi ya sa ba ya sunkuyawa.

Ta ashirin ita ce So-yul, ta ɗaya a ajin, siririya, mai rubutu kamar na injin bugawa. Ta maimaita mini kowace jimla daidai, har ta huɗun. Ta ce, "Ba fuskar rawa ake nufi ba. Ana nufin ka nuna kai wani ne alhali ba shi ba ne." Sannan ta bi duk sha biyun ta zaɓi "ban taɓa ba". A lissafin Farfesa, babu mai lafiya kamarta a ajin.

Ina haɗa takardu sai ta ce, "Malama, wa zai ga wannan?"

"Ni da malamina."

"Malama Yeom fa?"

"Ba za ta gani ba."

"In da 'kullum' na zaɓa, za a gane, ko?"

"A gane me?"

"Ba komai."

Ban matsa mata ba. Na ciro lemo daga jakata na ɓare, na ba ta rabi, muka zauna muna ci. Ta cinye nata ɓari-ɓari, ta jera zaren a gefen tebur, kafin ta yi magana.

"Jarrabawar lissafi ta watan jiya, tambayar ƙarshe canka na yi. Sai ya faɗa daidai. Malama Yeom ta ɗaga takardata a gaban aji ta ce kowa ya yi koyi da ni. Tun ranar, in ta kira sunana sai in ce yau kam an gane ni."

"Tambayoyi nawa ne a jarrabawar?"

"Ashirin."

"Sauran sha taran ma canka kika yi?"

"A'a. Amma su masu sauƙi ne, kowa zai iya."

"Kowa ya ci su?"

Ta gyara zaren lemon da farce. "A'a."

Yarinyar da aka yi tambayoyin domin irinta ita kaɗai ta gane su sarai, kuma ganewar ce ta sa ta ɓuya. Takardarmu za ta tura Ha-rin wurin mai ba da shawara, ta sallami So-yul.

Duk wannan na zayyana wa Farfesa a ranar, a tsaye, don na riga na miƙe. Ya saurare ni har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba. Sannan ya ce yara ashirin ne na gari ɗaya mai tsohon hali, kuma idan an tattara amsar dubbai irin wannan zai narke a ciki. Ya jawo takardar, ya ja layi a kan gurbin sunana.

"Kina iya tafiya."

Ba wanda ya yi mini tsawa bayan nan. Da an yi ma da ya fi sauƙi. Ranar Litinin na tarar an mayar da teburina bakin ƙofa, kusa da injin kwafi, inda iska ke shigowa duk lokacin da wani ya wuce. Aka cire ni daga zauren hirar sashe na waya. Idan za a fita cin abinci tare, sai a jira in shiga bayi, in fito in tarar da ɗaki wayam. Na kai wa Farfesa babi uku na kundina, suka yi wata biyu a kan kabad ɗinsa, ƙura ta hau su. Ba ɗalibin da ke miƙa kundi sai da sa hannun malaminsa, kuma ranar miƙawa ta zo a Disamba ta wuce. Akwai gurbin karatun digiri na uku a Seoul da na yi shekara ina hange, wasiƙar shaida daga malamina kawai ta rage. Na roƙa sau ɗaya. Ya ce aiki ya yi masa yawa. Ban sake roƙa ba.

Mahaifiyata kifi mai gishiri take sayarwa a kasuwar Andong, kuma a waya ma da muryar kasuwa take magana.

"Ke wace ce? Farfesa guda! Ki sayi kwalin tuffa mai kyau, ki je ki sunkuyar da wannan kan naki ki ce kin yi kuskure."

"Ban yi kuskure ba, Umma."

"Wa ya tambaye ki ko kin yi? Ni shekara talatin ina ba mutane haƙuri a kan kifin da ba ni na kama ba!"

"In na ba shi haƙuri sai na sa hannu."

"To ki sa mana! Hannun zinare ne da ke?" Na ji tana ce wa wani mai saye ya ɗauki na dama, ya fi kitse. Sannan ta dawo kaina, muryarta ta sauka. "Kina cin abinci kuwa? Halin ubanki ne sak. Zan aiko miki da kifi."

Gi-tae ya yi mako uku bai kalle ni ba. Wata rana ya zo yin kwafi, injin ya cije masa takarda, ya tsaya yana dukansa.

"Ba duka ake yi ba, sunbae. Buɗe murfin gefe."

Ya buɗe, ya ciro takardar a yamutse. "Kin san matsalarki? Gani kike ke kaɗai ce mai ido. Kina tsammani ban san 'e' ɗin yaran nan ba 'e' ba ne ba? Ina da mata, ina da jariri. Shekara ta huɗu ke nan ina wannan ɗakin."

"Ban ce maka komai ba."

"Ai shi ya fi ciwo. Zamanki a nan ma magana ce." Ya kwashi takardunsa ya tafi. Da na dawo daga aji na ga dunƙulen shinkafa a kan teburina, irin na shagon da ke ƙasan benenmu, ba rubutu ba komai.

Abu ɗaya ba a karɓe mini ba: izinin iyayen yaran yana nan har ƙarshen shekarar karatu a Fabrairu. Don haka kowace Laraba nake hawa motar Andong, awa ɗaya da rabi, Malama Yeom ta bar mini darasin ƙarshe na ranar in zauna da yaran. Na gaya wa yaran gaskiya. Na ce manya sun rubuta tambayoyi sun ɓata, ina neman masu gyara.

"Farfesa ne ya ɓata?" in ji Do-gyeom, idonsa waje. "Nawa ya ci?"

"Kai dai nawa ka ci a rubutu?" Ha-rin ta ce masa. "Malama, ta bakwai ɗin nan bakin mutum take tambaya. Baki ai na kakanni ne. Ki rubuta, 'a cikin raina, ko da ban gaya wa kowa ba.'"

Na rubuta a allo kamar yadda ta faɗa. Na ce su sake amsawa a ɓoye, kowa a 'yar takarda. Masu "kullum" suka sauko daga sha tara zuwa uku.

Do-gyeom ya ce a cire fuskar aro gaba ɗaya. "Ki ce, 'Ina gyaɗa kai kamar na gane, alhali ban gane ba.'"

"Wannan ai kai ne kullum," wani ya ce daga baya.

"Ni ba na ɓoyewa! Kowa ya san ban gane ba!"

Ajin ya kwashe da dariya, har Malama Yeom da ke gyaran littattafai a kusurwa. Muka yi ta ja a kan kalma ɗaya-ɗaya. Wata jimlar sai mun yi Laraba biyu a kanta. Wata na kawo ina alfahari da ita, suka ce mini kamar sanarwar tashar jirgi take, na goge.

So-yul ba ta ce uffan ba har Laraba huɗu. A ta biyar, ina cikin motar komawa, na sa hannu a aljihun kwat ɗina na ji takarda a ninke. Rubutun nan nata ne mai kama da na inji. Abu uku ta rubuta. Kada a sa suna a sama, a ba kowa lamba, kuma mai ba da shawara kaɗai ta san lambar, ban da malamar aji. A fara da cewa yara da yawa suna jin haka, har da masu ƙoƙari. Na ukun kuma tambaya ce sabuwa: "Idan aka yabe ni, nakan ji tsoron ranar da za a gane ban kai haka ba." Na karanta ta sau uku kafin mu fita daga gari. Wata uku muka yi a sashe, mu manya shida, ba wanda ya rubuta jimlar da ta kai ta.

Ban gaya wa Malama Yeom maganar So-yul ba, don na yi alkawari. Yarinyar ce da kanta ta tsaya bayan an tashi, a makon ƙarshe na Janairu, ta faɗa mata zancen cankar. Malama Yeom ta ba ni labari a bakin ƙofar makaranta, tana ɗaure gyalenta.

"Na ce mata canka ma sai wanda ya riga ya kore amsa biyu yake cin ta. Na sa ta warware mini tambayar a allo, mu biyu kawai. Ta warware. Ta tsaya tana kallon allon kamar wani ne ya rubuta." Ta girgiza kai. "Shekara talatin ina ɗaga takardun yara a gaban aji, Eun-sol. Taki ma na ɗaga."

"Ni daɗi nake ji, Malama."

"Na sani. Ke ai daban ce, Allah ya shirye ki."

A farkon Fabrairu wata jami'a daga ofishin ilimi, Madam Seok, ta zo sashenmu da sakamakon makarantu goma na farko. Tun kafin ta iso labari ya riga ta: yara bakwai cikin kowane goma sun fito a matsayin masu ciwon, masu ba da shawara suna kuka ba su da kujerun da za su zaunar da su. Farfesa ya riga ya shirya bayaninsa, cewa wannan shaida ce ta irin nauyin da aka ɗora wa yaran ƙasar nan. Ni ba a gayyace ni taron ba. Amma mai tebur a bakin ƙofa ita ke kai shayi, don haka na shiga da tire.

Madam Seok ta fara kamar yadda kowa ke farawa. "Farfesa, wannan aiki naka ba ƙarami ba ne. A ofis kowa na cewa ba a taɓa yin irinsa ba."

Farfesa ya kaɗa hannu biyu a gaban fuskarsa. "A'a, a'a, ina! Sa'a kawai na yi, na dace da lokaci."

Ina zuba masa shayi ke nan. Ban shirya ba, na rantse. Bakina ne ya riga ni.

"Tambaya ta bakwai," na ce. "Kullum."

Gi-tae ya runtse ido. Kunnuwan Farfesa suka yi ja. Madam Seok ta dubi takardar tambayoyin da ke gabanta, ta bi da yatsa zuwa ta bakwai, sai dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki da hannu. Dariyar ba ta daɗe ba. Ta sake karanta jimlar, a hankali wannan karon.

"Ɗiyata ma haka za ta amsa," ta ce. "Ita da ba ta san kunya ba a gida. Wace ce wannan, Farfesa?"

"Ɗalibata ce." Da ƙyar maganar ta fito.

"Ita ce ta yi gwajin Andong," in ji Gi-tae, idonsa a kan tebur. "Mako uku ta yi. Ni wuni ɗaya na yi."

Madam Seok ta tambaye ni ko ina da abin da zan nuna mata. Na ajiye butar, na je teburina na ɗauko fayil ɗin tambayoyin da yaran suka gyara. Da hannu biyu na miƙa, amma ba ita na miƙa wa ba. Farfesa na ba. Ko ni na san iyakata. Ya karɓa bai dube ni ba, ya buɗe, suka karanta tare. Kafin ta tafi ta ce za su dakatar da sauran makarantu hamsin ɗin har sai ta ji daga gare shi.

Da yamma ya aiko Gi-tae ya karɓi muryoyin yaran da na naɗa. Washegari ƙofarsa a rufe ta wuni. Ta gilashi na hango shi da abin ji a kunne, bai taɓa shayinsa ba. Rana ta uku ya kira ni. Fayil ɗina na gabansa, ya cika shi da jan biro.

"Tambayarki ta tara ta yi tsawo. Kafin yaro ya kai ƙarshenta ya manta farkonta."

"Gaskiya ne, Farfesa."

"Ta biyar da ta goma abu ɗaya suke tambaya."

"Ba abu ɗaya ba ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. Na ce, "To, sun yi kusa."

"Wannan ta sha biyun, mai maganar tsoron ranar da za a gane, wa ya rubuta ta?"

"Wata yarinya."

Ya sake bin jimlar da ido. Bai sa mata jan biro ko ɗigo ba. "Za a sake gwaji da zarar an koma makaranta. Yara sittin, garuruwa uku, yadda kika yi naki. Ki koya wa Gi-tae." Na juya zan fita, ya ƙara da cewa, "Abin da kika yi a gaban baƙuwa rashin tarbiyya ne."

"Na sani, Farfesa. Wannan kam na ba ka haƙuri."

Muka yi bazara muna yawo a mota, ni da Gi-tae, yana ƙorafi tun daga Daegu har inda za mu. "Minti arba'in a kan yaro ɗaya! Jiya wani ya yi minti goma yana ba ni labarin ƙwaronsa." Amma shi ne ya gano cewa 'yan aji huɗu ba sa bambanta "wani lokaci" da "sau da yawa", ya zo yana gaya mini da murna kamar ya tsinci zinare. Muka mayar da amsoshin uku. A kaka sabbin tambayoyin suka shiga makarantu sittin ɗin, babu suna a sama, da jimlar So-yul a farko cewa yara da yawa suna jin haka. Waɗanda aka kira ba su kai biyu cikin goma ba, kuma masu ba da shawara suka ce yawancinsu yara ne da ba wanda ya taɓa zaton suna da damuwa, irin masu zama a layin gaba.

'Yan ajinmu sun sa rigar kammalawa a Fabrairun nan da ya wuce, ni ina ɗakin kwafi ina jin tafinsu ta taga. Sai Fabrairu mai zuwa zan sa tawa. Gurbin Seoul an ba wata, kuma Farfesa bai rubuta wasiƙar ba har yau, ban kuma sa rai zai rubuta ba. A rahoton da aka buga sunana ne na huɗu. Shekara guda ta rayuwata, da Seoul, da yardar malamina: abin da ƙin sa hannun nan ya ci mini ke nan.